Kawuna Mai Tara Matattun Panno

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wannan kowa ya faɗe ta a ƙofar gidan Kawu ranar da ya cika, abin da ya biyo bayanta ne ya sha bamban. Limamin unguwa ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Wani mai kabu-kabu ya jingine babur ɗinsa ya zauna a ƙasa yana share ido da bakin riga, wai tsohon ne ya sa wa uwarsa fitila a ɗaki. Masu sayen tsohon ƙarfe ma sun zo, sun yi gaisuwa yadda ta kamata, sai dai idonsu bai bar wani ɗaki mai kwaɗo da ke kusurwar gidan ba. Ban ga laifinsu ba. Kowa a gefenmu na Zinder ya san abin da ke ciki: matattun panno, faifan nan masu karɓar hasken rana su mai da shi wuta, da tsofaffin batir ɗinsu, jere tun daga ƙasa har kusa da rufi.

A cikin gida kuwa wata magana ce daban. Da aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, sai aka kira makusanta su shigo su yi sallama da shi. Matarsa ta durƙusa ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Ƴaƴansa suka faɗa, ni ɗan ƙanwarsa na faɗa. Saura Inna, mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage masa cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Ta daɗe a kansa tana addu'a, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya." Ta tashi ta fita.

Baƙo ba zai ji wani abu a wannan maganar ba. Matar Kawu ta ji. Ta bi ta da kallo, ta ce, "Har yau dai," a hankali, amma duk ɗakin ya ji. Kafin mu dawo daga maƙabarta zancen ya zaga tabarmin mata. Wasu suka ce taurin zuciya ne, wasu suka ce ai addu'ar da ta yi ta fi kowace yafiya. Ni dai na san abin da ya yi shekaru yana nema a bakinta, ta ce "na yafe" da kanta, ba ta tura shi wurin Allah ba. Ya tafi bai ji ba. Ina wannan rubutu ne don kada a tuna da shi a matsayin tsohon nan mai tara tarkace kawai, domin haka yawancinmu muka ɗauke shi yana raye, har da ni.

Asalin abin a ƙauyenmu ne, can wajen Damagaram Takaya, a shekarun babban fari. Kawu shi ne gardin likitar ƙauyen, wato mai gadin ƙaramin asibitinmu. An kawo wa likitar panno a kan rufi da manyan batir a ɗaki, don firigon da ake ajiye allurar yara ya yi sanyi. Kawu ke goge su kowace safiya da tsumma mai laushi, yana kuma alfahari da su har ana tsokanarsa. Wata rana guguwa ta ɗaga panno ɗaya ta maka shi da ƙasa, batir ma wasu suka mutu. Manjo, babban ma'aikacin likitar, ya ce a fitar masa da su, wuri ya yi kaɗan. Kawu ya kinkima ya zuba su a kwarin da ke bayan katanga, inda ake zuba shara. Kan batir ɗaya ya fashe. Ba wanda ya ce masa kada ya yi, shi ma bai tambaya ba.

Wanda bai ga shekarun nan ba da wuya ya gane yadda suke. Rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, kajin ma aka cinye. Mata na jiƙa anza, ƴaƴan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin kai wa baki. Babana ya bi maza ya yi kudu ci-rani. Abin da ya rage mana saniya ɗaya ce, wadda Inna ta gada daga uwarsu. Nonon Inna ya ƙafe, don haka ƙanwata, jaririya mai rarrafe, da ɗan abin da ake tatsa a saniyar take rayuwa. Saniyar kuwa yunwa ta sa ba ta zaɓe, kwali take ci, tsumma take ci.

Ta dawo wata yamma tana tangaɗi. Washegari ta makance, tana tafiya ta daki bango, tana cizon haƙora, kumfa na zuba. Ta mutu kafin a kawo wuƙa. Kowa ya ce fari ne, gawar shanu ai ta cika daji. Kawu kaɗai ya bi sawunta, sawun ya kai shi bayan likita. Ya tarar an lashe cikin fasasshen batir ɗin tas, yadda dabba ke lasar kantun gishiri. Da wani likitan dabbobi ya ratso ƙauyen, Kawu ya ja shi gefe ya tambaye shi, mutumin ya ce haka darmar da ke cikin batir ke yi wa saniya. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai gidanmu. Ya faɗa wa Inna a gaban maƙwabta cewa shi ya kashe mata saniya. Inna ta ce fari ne. Aka koma ba yarinyar kunun jar dawar taimako, cikinta bai karɓa ba. Ba ta ga damina ba.

Bayan haka muka taso Zinder, Inna ta kama sana'ar ƙosai a unguwar Zango. Kawu ya ci gaba da gadinsa, amma kowace Salla yana gari. In an sauko daga idi mutane kan bi gidaje ana neman gafarar juna, galibi a fatar baki, a ce a yafe juna a wuce wurin tuwo. Nasa ba irin wannan ba ne. Zai zo da babbar rigarsa, ya ƙi tabarma, ya tsuguna a bakin ƙofar Inna, shi da yake yayanta.

"Auta, na zo kan maganar nan."

"Yaya, tashi don Allah, yara na kallo."

"Ki yafe mini saniyarki."

"Fari ne ya kashe ta. Shanun wa suka rage a shekarar? Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Na Allah ina roƙo a kowace salla. Naki na zo nema."

"Ni ban san abin da zan yafe ba. Ga fura nan, sha."

Sai ya sha furar, ya shafa kanmu, ya tafi. Saniya kawai suke ambata, ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci yarinyar ba. Mu yara kuwa mun mai da abin wasan Salla. Da ya juya baya sai ɗaya ya tsuguna ya ce, "Auta, na zo kan maganar nan," saura su kwashe da dariya. Duk cikinmu ba wanda ya kai ni iya kwaikwayon tsugunonsa. Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni ko ina ni kaɗai.

Da ya ajiye aiki ya dawo gari, bai zo da hatsi ko tumaki ba. Amalanken jaki ya biyo shi da duk matattun panno da batir na likitar, har da waɗanda ya tono daga kwarin. Ya same mu lokacin da panno ya fara yawa. Duk sa'ad da fari ya dawo, masu taimako kan zo su kafa famfo mai aiki da rana su tafi, bayansu ƴan kasuwa suka cika gari da masu araha, waɗanda ba su daɗewa. Abin da ya mutu kuma a juji yake ƙarewa, inda awaki ke kiwo yara ke wasa. Sai Kawu ya ba kansa aikin da ba wanda ya ɗauke shi. Yana zaga unguwanni da amalanke yana tambaya, "Akwai wanda ya mutu?" Baƙi kan firgita, sai an bayyana musu cewa panno yake nufi.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya son a taya shi. In ya kawo panno gida sai ya wanke shi, ya kafa shi a rana, ya haɗa masa ɗan ƙwan fitila. In ƙwan ya yi ja ko kaɗan ne, sai ya ce, "Wannan da sauran numfashi, ba a binne mai rai." Irin waɗannan yake kai wa zawarawa da tsofaffin da ba su da mai saya musu, ya ɗaura a rufi da kansa. In kuwa ya mutu murus, sai ya kwance ƙarfen gefen ya kai wa maƙeran tukwane, gilashin ya jingine shi a ɗaki ya sa kwali tsakani don kada ya fashe. Batir yana zaunar da su tsaye a kan katako, bakinsu a rufe. Yakan ce, "Abin da ya yi maka aiki da ransa, kada ka wulaƙanta gawarsa."

Kada a ɗauka wani masani ne. Akwai abubuwan da ya ƙirƙira da kansa ya kuma riƙe su gam. Ya hana mace mai ciki wucewa ta ƙofar ɗakin, ya hana a shanya wanki kusa da shi. Wani mai gyaran wuta ya yi ta yi masa bayani cewa panno in bai fashe ba, ba a kuma ƙona shi ba, ba ya cutar da kowa, batir ne abin tsoro. Kawu ya ce, "Na ji," ya ci gaba da abinsa. Ɗakin ma asali don babban ɗansa aka gina shi, ya sa amarya. Yaron sai haya ya kama. Matar Kawu takan ce, "Mazan mutane na tara gero, nawa na tara gawa." Ta faɗa da dariya, amma ta sha wahalar abin, kuma ba wanda ya taɓa ba ta haƙuri.

Babbar damuwarsa ita ce bai san inda zai kai su ba. Tarawa kawai yake, shi ma ya sani. Duk wanda ya gani da takarda a hannu sai ya tare shi: ina ake kai su a ƙasar da aka ƙera su, narkawa ake yi ko binnewa? Wasu su ce za su bincika, wasu su yi kunnen uwar shegu. Abin da ya sani tabbas shi ne abin da ba za a yi ba. Akwai ranar da ya iske samari a bayan gari sun hura wuta a kan panno don su ciri waya, baƙin hayaƙi na bi ta kan gidaje. Ya sauka daga amalanke ya riƙa watsa wa wutar ƙasa da hannu. Ɗayansu ya ture shi ya faɗi. Washegari ya koma musu da ƙarafan gefe da ya tara, ya ce su riƙa karɓar wannan a wurinsa, su bar masa sauran ba ƙonawa. Wanda ya ture shin na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi, kuma a butik ɗina ne, wato shagona. Domin ni, da na girma, panno da batir nake sayarwa a Zango, daga cikinsu na yi aure na gina gida. Rabin abin da ke ɗakin Kawu ta hannuna ya shigo gari. Ya zo da hantsi, butik cike da masu saye, ya dire wani mataccen panno a kan tebur.

"Naka ne. Ga alamar butik ɗinka a baya."

"Kawu, na sayar. Ya bar hannuna."

"Wanda ya ci ladan kuturu ai shi ke yi masa aski. Ka ware lungu ɗaya, duk wanda ya zo sayen sabo ya kawo maka tsohon."

"In kai su ina? Butik ne nan, ba maƙabarta ba. Ɗaya ta isa a dangi."

Masu saye suka yi dariya. Ya ɗauki pannon ya mai da shi amalanke. Da yamma ya aiko mini da gyaɗa daga gonarsa kamar ba abin da ya faru. Da ya yi fushi, da ya fi mini sauƙi.

Bana ma damina ta yi gardama, gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. A cikin wannan zafin ciwo ya kwantar da shi. Inna ta tare a gidansa, ita ke dama masa kunu, ita ke juya shi. Duk wanda ya gan su ya san babu ƙiyayya a tsakani. Ranar da ya fi jin jiki, bayan la'asar, ina zaune ya kama hannunta.

"Auta, maganar nan. Ba ni da wata Salla."

Na ga bakinta ya motsa. Na ce a raina yau kam za ta faɗa. Sai ta gyara masa matashi ta ce, "Yaya, huta. Fari ne." Ya rufe ido bai sake tambaya ba. Na fita waje na ji haushinta, irin wanda ban taɓa ji ba.

Bayan an share makoki masu sayen tsohon ƙarfe suka dawo, wannan karon ba gaisuwa. Ƴaƴan Kawu na son ɗakinsu, kuma suna da gaskiya. Amma na san abin da zai biyo baya: a fasa batir da gatari a zubar da ruwan a ƙasa, a ƙona sauran. Na roƙi a ba ni lokaci. Tambayar da ya yi shekaru yana yi wa masu wucewa, ni da nake cikin sana'ar ban daɗe ina yi ba na samu amsa. Waɗanda nake sarin kaya a wurinsu suka haɗa ni da wasu mutane da ke karɓar irin waɗannan, su kai batir a rufe inda ake narka darma a cikin gini, panno kuma a rarraba shi, gilashi daban, waya daban. Ba zan rantse cewa can komai na tafiya daidai ba, ban je na gani ba. Amma hanyar tana nan tun yana raye, tambaya ce kawai ban yi ba. Wannan zan daɗe ina ɗauke da shi.

Ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya zo, Inna ta zo ba wanda ya kira ta. Ta shimfiɗa ɗankwali a inuwar zaure ta zauna tana kallon ana fito da kaya. Sababbin shiga aka fara fitarwa, ana ci baya ana ci baya, har aka kai ga na ƙurya. Can ƙarshe aka fito da wani tsohon batir mai fasasshen kai, an naɗe shi da buhu an ɗaure da igiya. Inna ta miƙe ta je wurin direban.

"Ɗana, inda za ku kai su ɗin nan, da katanga?"

"Da katanga, Hajiya, har da ƙofa."

"Dabbobi ba su shiga?"

"Ba su shiga."

"Ku dai riƙa rufewa. Saniya in ta ji yunwa lasa take yi."

Ta koma ta zauna. Da kamiyon ya tafi na je na tsuguna a gabanta.

"Inna, ashe kin yarda da maganarsa."

"Tun kafin ya zo ya faɗa. Ni na sa hannu a bakinta ranar da ta makance, na ciro ɓallin darma. Na binne shi a gindin turke."

"To me ya hana ki faɗa masa abin da yake so?"

Ta daɗe tana kallon ɗakin da ya zama wayam. "In batir ne ya kashe saniya, wa ya kashe mini yarinya? Abin da Allah ya ɗauka ina iya haƙuri da shi. Da na buɗe baki na ce na yafe, to na ce Yaya ne ke nan, kuma duk ranar da na dube shi ita zan gani. Mijina na nesa, uwa babu, uba babu, shi kaɗai gare ni. Na zaɓi in riƙe yayana." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ina cewa sauƙi nake yi masa. Ashe kaina na yi wa, shi na bar shi da kayan."

Haushin da na ji ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi.

"Gobe ka je wurinsa," in ji ta. "Mu mata ba mu shiga. Ka ce masa Auta ta ce ta yafe, saniyar da yarinyar duka. Ka ce shi ma ya yafe mini." Na ce to. Har na miƙe ta riƙo bakin rigata. "Ka ɗaga murya. A kan damansa aka kwantar da shi, kunnen hagun nan kuwa ya daɗe ba ya ji da shi."

Na je da safe, na durƙusa, na faɗa da ƙarfi har mai gadin maƙabarta ya waiwayo. Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya isar masa da saƙon.